Ƙafar Baba da Kayan Kumbo

A bazarar da ƙafar Baba ta fara baƙi na ɗauki hutu daga wurin aikina a Abuja, na dawo gidanmu na unguwar Liman Abaji a Keffi da jaka ɗaya da ɓacin rai. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa, ya riga ya dusashe masa idanu, sai kuma wata ƙusa ta soke shi a tafin ƙafar dama, a tsakar gidansa, wurin da ya yi shekara da shekaru yana takawa ba abin da ya same shi. Gyambon ya ƙi warkewa. Ya cinye yatsu, ya hau idon sawu, yana neman ƙwauri. Likita ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye: ko a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ko ciwon ya shiga jini ya tafi da shi. Baba ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya, ya ce a mai da shi gida.

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani, kuma Baban ne ya sangarta ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, Uwata yake kirana, bai taɓa iya yi min tsawa ba. To na yi amfani da wannan gata iyakar iyawata. Na lallashe shi, na yi masa kuka, na yi masa faɗa har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Yayana, mai shagon kayan gini a Gangaren Tudu, ya kwaso abokan Baba na tasha, tsofaffin direbobi, suka zauna suka shanye mana shayi suna ba shi labarin wane da aka yanke wa ƙafa amma ga shi can har kasuwa yake zuwa. Baba ya yi kunnen uwar shegu da su duka. In an matsa masa, magana ɗaya yake maimaitawa: "Ƙafar nan amana ce. Ba ni ita aka yi, ba zan zubar da ita ba."

Mu kuwa mun ɗauka tsoron wuƙa yake ji, ko kunyar a kira shi gurgu. A kan waɗannan biyun muka yi ta ɓata yawun bakinmu.

Baba direban babbar mota ne a zamaninsa, mai bodin katako. Doya yake ɗaukowa daga Lafiya da ƙasar Binuwai ya haura da ita Arewa, ya sauko da albasa da wake. Da wannan ƙafar ta dama ya taka totur da birki har furfura ta fito masa. Ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni makaranta. Yanzu ga ta a naɗe cikin bandeji a kan matashi, tana wari. Zan faɗi gaskiya, warin yana tayar min da zuciya, kuma tsoro nake ji, tsoro mai hana cin abinci. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Shi kaɗai ya rage mana.

Bayan azahar mukan shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, don ɗaki ba ya zaunuwa saboda zafi, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Ina zama a gefensa da mafici ina kore masa ƙuda. Da na ga faɗan ba ya kai ni ko'ina sai na yi masa yajin magana, in jingina da bishiya in kunna fim a waya, in rage murya. Wata rana ina kallon wani fim na 'yan sama jannati, zafi ya kashe min jiki, ina jin idona yana lumshewa, sai na ji muryarsa.

"Injin me ke nan yake gurnani? Wannan ba dizal ba ne."

Na ce, "Kumbo ne, Baba. Irin jirgin da ke wuce gajimare, ya wuce wata, ya shiga cikin taurari."

"Fasinja yake ɗauka ko kaya?"

"Kaya."

Sai ya gyara kwanciya ya juyo da kunnensa wajena. "To lodin me ya yi?"

Haka yajin nawa ya watse. Shi ba ya gani sosai, Turancin ma ba ya ji, don haka na zama idonsa da kunnensa. In kalla kaɗan, in tsayar, in ba shi labari. Ba mu cinye fim ɗin a zama ɗaya ba, saboda zazzaɓi yakan ɗauke shi a tsakiyar magana, sai in jira washegari mu ɗora daga inda barci ya sace shi.

Na gaya masa kumbon ya taso ne daga wata duniya mai nisa, mai sanyi, inda rana take fitowa 'yar mitsitsiya. A can wasu mutane suka yi shekaru suna haƙo wani shuɗin dutse, wanda ɗan guntunsa zai haska gari guda. Shi aka cika akwatunan ƙarfe da shi, aka jera su a bayan kumbon kamar taragon jirgin ƙasa, aka kamo hanyar gida.

"Wa ya yi lodin? An ɗaure da kyau?"

"Ba igiya, Baba, ƙugiyar ƙarfe ce."

"Ƙugiya tana ɓallewa. Direban fa, yaro ne ko babba?"

"Mace ce, mai furfura."

Ya auna maganar. "To, Allah ya ba ta sa'a. Tana dai duba madubi ko?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Na ce masa can babu wanda zai biyo ta a baya yana yi mata hon. Babu kwalta, babu rami, babu shingen masu kaki, babu gari balle a tsaya a ci tuwo. Duhu ne kawai shimfiɗe ta ko'ina, da taurari a warwatse, kumbon yana tafiya a cikinsu ba ka ma gane yana motsi. Baba ya lumshe ido. Ya ce ya san irin wannan tafiyar, in ka daɗe a kan sitiyari akwai lokacin da motar takan tsaya cak a ranka, duniya ce take wucewa. Iska mai zafi ta kaɗa ganyen mangwaro a kanmu, wata kurciya tana kuka a bayan gida, ni da shi muka yi ta tafiya cikin taurari a kan tabarmar roba.

Ana nan sai direbar ta ji kira a rediyo. Wani ƙaramin kumbo ne ya lalace a can gefe, da mutane a ciki, iskar da suke shaƙa tana ƙarewa. Ita ce mafi kusa da su. Amma in za ta juya ta kai gare su da wannan nauyin a bayanta, mai ba zai isa ba, sai dai ta saki akwatunan. Masu kayan suka yi ta magana a rediyo, suna cewa kada ta kuskura ta taɓa ƙugiyar, guminsu ne na shekaru, garuruwa suna jiran hasken. Ma'aikatan kumbon suka rabu biyu, suna ta cacar baki. Na tsayar da fim ɗin na zayyana wa Baba duk wannan, har ina kwaikwayon muryoyinsu.

Ya ce, "Wannan ai ba abin gardama ba ne. Ta sauke kayan ta je ta kwaso mutane."

Saura kaɗan wayar ta suɓuce daga hannuna. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Mutumin da ya hana mu barci saboda ƙafa ɗaya, shi ne yake yanke wa wata hukunci cikin sauƙi haka.

Na ce, "Au, ashe ka san rai ya fi kaya?"

Bai kula ni ba. Sai ya shiga ba ni labarin wata damina, yana tahowa ta hanyar Akwanga da lodin doya har sama, ya tarar da bas ta kife a gangaren wata gada, mutane a zube cikin ciyawa suna nishi. Babu wata mota a kusa sai tasa. Ya ce bai tsaya shawara da kowa ba. Ya kira mutanen ƙauyen da ke wurin, aka yi ta miƙo doya hannu da hannu ana jerawa a gefen hanya, ya lulluɓe ta da tamfol, ya danne da duwatsu. Ya nemi mai unguwar ƙauyen ya damƙa masa, suka yi musabaha. Ya karyo ɗanyen ganye ya jera a kan kwalta gaba da baya, yadda direbobi suke yi don mai tahowa ya san akwai abu a gaba ya rage gudu. Sannan aka shimfiɗa masu rauni a bayan motar ya kawo su asibiti a nan Keffi. Da ya koma, ya tarar da doyarsa yadda ya bar ta, mai unguwa yana zaune a kan tamfol ɗin da lema.

Ya ce, "Haka za ta yi. Ta samu gefen hanya ta sauke, ta sa ganye, ta bar wa wani. In ta kai mutanen ta dawo."

"Baba, can babu gefen hanya."

"Ko'ina akwai gefen hanya."

"Wallahi babu. Babu ƙasa, babu bishiya balle ganye, babu mai unguwa. Abin da ka saki ba ya zama inda ka sake shi."

Na kunna muka ci gaba. Direbar ta ɗora hannu a kan wani jan maɓalli, ta daɗe a haka, sannan ta danna. Na gaya masa abin da nake gani: ƙugiyoyin sun buɗe ɗaya bayan ɗaya ba ƙara, akwatunan sun rabu da kumbon a hankali, suna juyawa, hasken wata rana mai nisa yana lasar gefensu. Wani ya fashe, shuɗin dutsen ya watse yana ƙyalli. Suna ta yin nisa, suna ƙanƙancewa, har ba ka bambance su da taurari. Abin ya yi kyau ƙwarai, har na ji ƙwalla ta taru min.

"Ina za su?" in ji Baba.

"Babu inda za su. Tafiya kawai."

"Wa zai tsare su?"

"Babu kowa."

"Ba za ta dawo ta ɗauka ba?"

"Ko ta dawo ba za ta san inda suke ba."

Ya juya fuskarsa wajen katanga. Na ci gaba da ba shi labari, na ce ta isa a kan lokaci, an fito da mutanen da ransu, har da wata tsohuwa da ta rungume ta tana kuka. Ya ce alhamdu lillahi, a hankali, amma bai juyo ba. Ran nan zazzaɓinsa ya hau fiye da kullum, kunun da na dama masa ko kurɓa bai yi ba.

Washegari bayan azahar muka sake fitowa gindin mangwaro. Ban kunna komai ba, fim ya riga ya ƙare. Ina yi masa fifita, hannuna ya yi nauyi, barci ya fizge ni ina zaune. Na ga sararin Keffi ya buɗe, babu rana babu gajimare, sai doya tana yawo a sama, manya da ƙanana, tana juyawa a hankali a kan rufin kwano da hasumiyar masallaci da duwatsun bayan gari. 'Yan acaɓa sun kashe babura sun ɗaga kai suna kallo. Can sama motar Baba tana tafe ba hanya a ƙarƙashinta, shi kuma ya zuro hannu ta taga yana son kamo doyar, tana kuɓuce masa. Ban ji tsoro a mafarkin ba, tausayinsa kawai nake ji.

Muryarsa ce ta tashe ni.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Akwatunan nan, har yanzu suna tafiya?"

"Fim ne fa, Baba."

"Na sani." Ya shafa bakin tabarma da yatsa. "A asibiti, in sun yanke, ina suke kai ta?"

Maficin ya tsaya a hannuna. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce, ban taɓa tunanin abin ba.

Ya ce, "Wani a tasha ya taɓa gaya min ƙonawa suke yi, tare da auduga da tsummokara. Wani kuma ya ce a shara ake zubarwa. Ni ban taɓa zubar da kayan mutane ba, Uwata. Saukewa nake yi, in san wurin, in san hannun da na bar wa. Wuƙa ba ta dame ni ba, na ga abin da ya fi wuƙa a kan hanya. Amma ranar da Mai kayan zai tambaye ni ina ƙafar da ya ba ni, me zan nuna masa? Hayaƙi?"

Haushi ya kama ni, na Yaya, na tsofaffin tashar nan da suka shanye mana shayi, na kaina, har na Baban da ya zauna da wannan tambayar a cikinsa ƙafa tana ruɓewa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce yaya za a yi ya dubi yarinya sa'ar 'yarsa, cikin farar riga, ya tambaye ta inda za ta jefar da namansa.

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na yafa wanda hannuna ya kai gare shi na tare ɗan acaɓa. Likitar 'yar kudu ce amma haifaffiyar Keffi, Hausarta ta fi tawa gudu. Na same ta tana shirin tashi, na tsare ta a bakin ƙofa ina haki na jefa mata tambayar. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum.

Ta ce, "Haba, Anti, ai ku za mu ba wa. Duk iyalin da suka nema muna naɗe musu mu ba su su je su binne. Wannan ne ya hana Baba yarda?"

Na ce shi ne. Ta dafe kai. Sannan ta ce in gaya masa kada ya ƙara ɓata lokaci, don ciwon ba ya jiran kowa.

Yaya ya je wurin limamin unguwa ya tambayo yadda ake yi. Liman ya ce abu ne sananne: a naɗe ta a tsaftataccen farin ƙyalle a binne a maƙabarta, ba wanka ba salla, tunda mai ita yana raye. Muka zo muka durƙusa gaban Baba muka kwashe duka muka gaya masa. Na zaci zai ce to. Ina! Direba ne. Ya ce shi ba ya sauke kaya a wurin da bai gani ba.

Da safe Yaya ya ɗauko keke mai ƙafa uku, aka ciccibi Baba aka sa shi a ciki, ƙafar a miƙe a kan matashi, suka tafi maƙabarta. Ni na tsaya a gida, tunda mata ba sa shiga, ina kai da kawowa a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da suka dawo Yaya ya ba ni labari. Ya ce Baba ya sa an kai shi ɓangaren da mahaifiyarmu take, an sauke shi ƙasa, ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya tambayi wace bishiya ce a kusa, aka ce dogon yaro. Ya sa aka juya shi ya fuskanci gabas. Sannan ya ce a kira masa mai gadin maƙabartar, ya gaishe shi, ya tambayi iyalinsa da garinsu, ya riƙe hannunsa ya ce zai aiko masa da ajiya.

A ranar muka kai shi asibiti, washegari aka shiga da shi ɗakin tiyata. Na zauna a benci ina jan carbi ina ɓata lissafi ina sakewa. Da aka fito da ƙullin ƙafar, Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe shi a farin yadin da ya sayo, ya rungume a ƙirji ya wuce ta gabana. Ban iya kallo ba, kuma ban iya kau da kai ba. Ƙafar da nake hawa ina ƙarama yana yi min lilo da ita ce take wucewa. Na yi kuka sosai, a gaban mutane, ban damu ba.

Sai da la'asar Baba ya farfaɗo. Yaya ya riga ya dawo, da jar ƙasa a gwiwar wandonsa. Baba ya buɗe ido yana lalube, Yaya ya miƙa masa hannu.

"Ka kai?"

"Na kai, Baba."

"Da hannunka ka sa?"

"Da hannuna."

"To madalla." Ya sauke numfashi. Can kuma ya ce, "Uwata, akwai kunu?"

Ya warke a hankali. Muka dawo gida, ya koyi sandunan hammata yana zaginsu ƙasa-ƙasa, muka koma faɗanmu na kullum a kan suga a shayi, yana cewa na fi likitar mugunta. Kumatunsa suka ciko. Warin nan ya bar gidan, na wanke tabarma na shanya. Wani lokaci nakan tsaya a ƙofar kicin in zuba masa ido kawai, yana zaune yana sauraron rediyo, in ji daɗi ya cika min ciki.

Wata rana bayan azahar yana barci a gindin mangwaro, ina tsince shinkafa a gefensa, rana tana nan ƙwal a tsakar gidanmu. Sai ya farka, ya ɗan ɗaga kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa, yana murmushi.

"An fara ruwa a maƙabarta," ya ce.

"Wane ruwa kuma, Baba? Ga rana."

"Ina jin sanyinsa a tafin ƙafata. Har tsakanin yatsu."

Na dubi inda zanen ya kwanta shafal a ƙasan gwiwarsa. Na miƙe na leƙa ta kan katanga. Can wajen maƙabarta hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya sauko har ƙasa, iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tsaya riƙe da tiren shinkafar.

Ya ce, "Kin tsaya kallo. Kwashe shanyar nan, sannan ki zo ki kama ni mu shiga ciki."